Sun Shafe Sunan Yaya Alfred da Siminti

Shekara bakwai ke nan cif da muka sa Yaya Alfred a ƙasa. Na so a ce abin da zan rubuta yau irin wanda aka saba ne, a jera halayen kirki na mamaci, a roƙa masa hutawa, a gode wa waɗanda suka tsaya mana. Ba zan iya ba. Raina a ɓace yake, kuma na wuce shekarun da zan haɗiye ɓacin rai don a ce ina da kawaici. Idan ka shiga maƙabartarmu ta Sabon Garin Zariya yau kana neman kabarin yayana, ba za ka same shi ba sai an nuna maka, domin an bi sunansa da siminti an shafe tas. Ba ɓarayi suka yi ba, ba mahaukaci ba ne. Ɗansa na fari ne ya ɗauko birkila, ya tsaya a kansa har ya gama. Abin da ya fi cin raina shi ne da hannuna a ciki.

Sunana Rifkatu. Ungozoma ce ni, na yi shekara talatin da 'yan kai ina karɓar haihuwa a Sabon Gari kafin gwiwoyina su ce sun gaji. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da Yaya, ya girme ni da shekara shida. Babanmu kuku ne a gidan wani Baturen reluwe. Ranar da naƙudar Yaya ta zo wa Innarmu da gardama, kwana biyu ana abu ɗaya, Baturen nan ne ya fito da motarsa ya kai ta asibiti da kansa. Baba ba shi da abin da zai saka masa da shi, sai ya tambayi sunansa, ya raɗa wa jaririn. Asalin Alfred a gidanmu ke nan. Godiya ce irin ta talaka, babu wani abu bayan wannan.

Yaya bai yi karatu mai zurfi ba. Aikinsa jera littattafai a laburaren jami'a a Samaru, kullum a kan keke daga unguwar Jama'a, ruwa ko rana. Wata rana wani ɗalibi mai rawar kai ya tambaye shi ma'anar sunansa, ya rasa ta cewa. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya ce mini, "Rifkatu, na san Tanko, na san Ɗanjuma, na san dalilin da ya sa ake ce wa mutum Shekarau. Amma sunan da nake amsawa tun ina cikin zani, ban san me nake amsa wa ba." Akwai wasu manyan ƙamus a wurin aikinsa waɗanda ba a ba da aronsu. Sai ya sayi littafin rubutu mai kaurin bango, duk lokacin hutun rana, abokan aikinsa na wajen mai abinci, shi yana tsaye yana kwafa. Ya fi shekara ashirin yana wannan aikin, ba wanda ya sa shi.

Abin da ya gano ya ba shi mamaki, mu ma ya hana mu sakat da shi a gida. Ashe yawancin sunayen da muke ce wa sunan Kirista, su Albert da Robert da Henry da Edward, ko ɗaya babu a Littafi Mai Tsarki. Sunayen tsofaffin Jamusawa ne da danginsu na can arewa mai ƙanƙara, su Denmark da Norway da Sweden, da waɗanda suka haye ruwa suka zauna Ingila, tun kafin bishara ta kai musu. Manoma ne da masunta da mayaƙa. Kuma haɗa sunan suke yi gida biyu, kamar tuwo da miya. Albert, daraja da haske. Robert, shahara da haske. Henry, mai mulkin gida. Arnold, gaggafa da iko. Gerald, mai mulki da mashi. Rudolf, shahara da kyarkeci. Na can arewa kuma wasu gajeru ne: Sven saurayi, Leif magaji, Bjorn ita ce beyar ɗin nan da muke karantawa a labarin Dauda. Yaya yakan ce mutanen nan ba su da bambanci da kakanninmu, abin da suke tsoro da abin da suke buri shi suke liƙa wa 'ya'yansu.

Duk Baturen da tsautsayi ya kawo shi laburaren nan ya shiga uku. Akwai wani likitan shanu ɗan Norway, sunansa Olaf, da ya zo aiki Samaru. Yaya ya tare shi da littafi a hannu yana so ya tabbatar da abin da ya kwafa, sai ga shi mai sunan ma bai san ma'anarsa ba. Yaya ne ya gaya masa, wai abin da kakanni suka bari. Baturen ya ce ai kuwa sunan kakansa ne aka mayar masa. Ranar Yaya ya dawo gida kamar an naɗa shi sarauta, sai da muka ji labarin nan sau huɗu kafin a kwashe tuwo.

Ku lura da yadda ya tsara littafin, don a nan maganar take. Kowane shafi ya ja masa layi gida huɗu. Gidan farko suna, na biyu ƙasar da ya fito, na uku ma'ana, duk da biro. Gida na huɗu da fensir yake cika shi, kuma a nan yake rubuta wanda ya sani a Zariya mai wannan sunan, da yadda mutumin yake. A gaban Bernard, beyar mai taurin zuciya, ya rubuta cewa Bernard mai facin taya na unguwar PZ ne, kuma da idonsa ya ga bunsuru ya kore shi daga rumfarsa. A gaban Richard, mai mulki da ƙarfi, ya ce masinjan ofishinsu ne, ko gyaɗa ba ya saya sai ya tambayi matarsa. A gaban Wilfred, mai son salama, ya sa shugaban mawaƙan cocinmu, wanda babu Lahadin da ba ya faɗa da mai ganga. Ba don ba'a kaɗai yake yi ba. So yake duk wanda ya buɗe littafin ya ga cewa suna fatan iyaye ne, abin da mutum ya zama kuma tsakaninsa ne da Mahaliccinsa.

Nasa sunan ne ya zo masa da ban dariya. Alfred, in ji ƙamus, shawarar iskoki. Wasu 'yan ƙananan halittu ne da tsofaffin Turawan suka yarda suna zaune a daji da duwatsu, suna ganinsu masu hikima, don haka iyaye ke fatan ɗansu ya yi wayo irin nasu. Na tuna na ce masa, "Haba Yaya, ka rubuta wani abu mai daɗi mana, wa zai je ya duba?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi zai sani. Ya rubuta yadda ya gani. A gida na huɗu kuma ya sa: "Ni ne. Shekara hamsin ina jira, iskokin ba su ba ni shawara ko ɗaya ba. Uwargida ce ke ba ni."

A hankali labari ya bazu, muka zama kamar kamfani ni da shi: ni in karɓi yaro, shi ya nemo masa suna. Mutanen Kagoro da Zonkwa, Inyamurai masu sayar da kayan mota, malaman makaranta, duk wanda ya sami ɗa namiji yana son sunan Turawa sai a ce ya je wajen Malam Alfred. Ba ya zaɓar wa kowa. Zai buɗe shafi ya karanta maka duk gidaje huɗun, ku yi dariya, sannan ya tambaye ka abin da kake so yaron ya riƙa ji duk sanda uwarsa ta ƙwala masa kira. Shekarar da aka yi tashin hankali aka ƙona gidaje, wani ya zo da zafinsa yana neman suna mai mashi a ciki. Yaya ya ce akwai su da yawa, ga Gerald, ga Roger, ga Edgar, amma ya je ya kwana biyu ya dawo. Da mutumin ya dawo, Frederick ya ɗauka, mai mulki da salama. Yaron yanzu har ya yi gemu, yana koyar da lissafi a wata sakandare.

Hawan jini ne ya ɗauke Yaya, kwana uku kacal ya yi a kwance. Ko wayar hannu bai gani ba, bayan rasuwarsa da 'yan watanni ta shigo gari. Nakan zauna in yi tunanin yadda zai yi da wannan zamanin. Shagunan intanet da suka cika Samaru, na tabbata da sai an riƙa korarsa in za a rufe. Samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo suna raɗa wa 'ya'yansu sunayen 'yan wasan Turai, da ya bi su gida gida da fensirinsa, yana murna an samo masa sababbin shafuka. Wannan duk da ya ji daɗinsa. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne abin da aka yi da littafinsa.

Bayan an share makoki littafin ya dawo hannuna. Matarsa, Yaya Ladi, ba ta yi boko ba, ɗansu Harold kuma lokacin hankalinsa na kan neman aiki. Shekara uku littafin yana cikin akwatina. Sai ga wani yaro da muka sani, ba zan kama sunansa ba, don ba zan yi masa talla a jarida ba. Yana ɗalibi a Samaru ba shi da kowa, a gidan Yaya yake cin tuwon dare, Yaya Ladi har wanki ta sha yi masa. Yanzu ya zama fasto, ya buɗe coci a wani tsohon sito a bayan PZ, yana yawo da farar kwat. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Mama, aikin Baba bai kamata ya ruɓe a akwati ba. Ki ba ni in buga shi, duniya ta san shi." Ni kuma uwar son a sani, na ji za a ga sunan yayana a bangon littafi, kaina ya kumbura. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko na miƙa masa, har da sa masa albarka. Ya kai aka yi fotokwafi, ya dawo mini da shi bayan kwana biyu, da lemo a leda.

Bayan wata huɗu wata 'yar zumuntar mata ta kawo mini ɗan ƙaramin littafin da ake rabawa a cocinsa. Na buɗe, na ga aikin Yaya, layi bayan layi, har da kuskuren da ya yi a wani shafi ya gyara. Gida uku na biro suna nan. Gida na huɗu babu shi, an yanke. A madadinsa an sa wani sabon gida, wai irin la'anar da ke bin mai sunan. Mai kyarkeci a sunansa, dukiyarsa za ta riƙa cinyewa. Mai mashi, jini na binsa. Mai sunan da ya taɓa gunkin tsawa na mutanen arewa, an sayar da shi tun ran suna. A shafin farko kuwa, da manyan baƙaƙe, Alfred: shawarar aljanu. Sunan wanda ya yi aikin bai fito a ko'ina ba sai a nan.

Na ɗauki mayafina na same shi a sitonsa. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, don yara na karanta jarida. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya ƙara ƙona ni. Ya ce, "Mama, ni ban ƙara ko harafi a ma'anar ba. Baba ne ya rubuta da hannunsa." Ka ji ɗan da aka ciyar! Gaskiyar da mutum ya ƙi ɓoyewa don tsoron Allah, ita aka ɗauka aka mare shi da ita yana kabari. Na tambaye shi ina gida na huɗu. Ya ce wannan barkwanci ne, ba na ruhaniya ba ne.

Daga nan na fara ganin yaran da Yaya ya nemo wa suna a shafin canjin suna na jaridu, ina karantawa ina gane su. Wannan ni na yanke masa cibiya. Wancan uwarsa ta kusa mutuwa a hannuna. Magidanta da gemunsu suna zuwa kotu suna rantsuwa cewa sunan da ubansu ya zauna ya zaɓa musu da dariya da addu'a ba nasu ba ne kuma. Na yi ta tsaki ina cewa wawaye. Ban san abin yana kan hanyar gidanmu ba.

Zan yi wa Harold adalci, ko da yake raina bai so. Ni na karɓe shi ranar wata Alhamis, shi ya sa uwarsa ke ce masa Ɗanlami. Ubansa ya zaɓa masa Harold, shugaban mayaƙa, ya bar gida na huɗu babu komai, ya ce sai yaron ya girma. Ya girma, ya gama jami'a, ya yi shekaru yana yawo da takardu a ambulan. Ya buɗe shagon fotokwafi a Samaru, rashin wuta ya kashe shi. Ya auri Saratu, yarinyar kirki, ciki biyu suka zube mata, duk a wata na biyar, duk maza, an riga an ga siffarsu. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko me ka ce masa zai saurara. Da ciki na uku ya shiga, mai farar kwat ya kira shi gefe ya ce ya ga abin a wahayi: aljanun da aka ɗaura wa ubansa ne ke karɓar 'ya'yan, kuma muddin sunan na rubuce a kan ƙasa, wannan ma ba zai zauna ba.

Ni ban san ana wannan ba. Abin da na sani shi ne aikina. Mace ta yi ɓari sau biyu a wata ɗaya ba tare da ciwo ba, ko ɗalibar ungozoma ta san inda za ta duba. Na ja Saratu da kaina zuwa wajen likitar mata, aka ga bakin mahaifarta ne ba ya riƙewa, aka ɗaure shi da zare. Na dawo da ita gidana na kwantar, wata biyar ko tsintsiya ban bari ta ɗaga ba. Ina nan ina fama da kaskon fitsari da dama kunu, ashe Harold ya je kotu ya zama Prosper Emmanuel, ya jefar da nasa sunan da na ubansa gaba ɗaya. Daga kotu ya wuce maƙabarta da birkila da rabin buhun siminti.

Saratu ta haihu lafiya, mace, mai ƙarar murya. A hannuna ta faɗo, kuma na yi kukan murna, ban ɓoye ba. Lahadin da ta zagayo Harold ya hau gaban coci ya ba da shaida, aka yi ta tafi da kaɗa tamborin. Bai ambaci likita ba, bai ambaci zare ba. Ya ce ranar da ya shafe sunan aljanu daga kabarin ubansa, ranar aka sake shi. A bakin wata mai sayar da kifi na ji, a tsakiyar kasuwa, tana taya ni murna. Ban san sanda na bar kwandona a wajenta na hau acaɓa zuwa maƙabarta ba. Na tarar da kabarin kamar yadda aka faɗa. Shekarar haihuwa na nan, shekarar mutuwa na nan, ayar da muka zaɓa na nan. Inda sunan yake kuma sumul, har da sawun cokalin birkila.

Da na tare Harold na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ubanka da ya yi shekara talatin yana taka keke don ka yi karatu, shi ne yau ya zama maye? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Gwaggo, ba ke kika haƙa rami sau biyu a bayan gida ba. Ga 'yata tana numfashi. Ko me za ki ce, ki ce." Har yau ban sami amsar da zan ba shi wadda za ta shiga kunnensa ba, kuma wannan ne ya sa fushina ya fi karkata ga wanda ya sami mutum a cikin rami ya miƙa masa wannan igiyar. Tir da wa'azin da ke sa ɗa ya ji tsoron ubansa.

Da Yaya na nan, na san ba zai yi hayaniya irin tawa ba. Zai ɗauko Littafi ya nuna musu Afolos, wanda sunansa daga gunkin Helenawa ya fito, ya yi wa'azin Almasihu da sunan nan, babu manzon da ya tura shi kotu. Zai tuna musu da kakarmu Ajuji, wadda aka raɗa wa sunan juji don 'yan'uwanta sun yi ta mutuwa, ta shekara tamanin da wani abu, kuma babu macen da ta fi ta tsabta a ƙauyensu. Zai yi musu wannan bayanin a hankali, yana gyara tabarau, ya kuma tambayi Harold ko ya ci abinci. Ni ba ni da wannan haƙurin, shi aka ba.

Me ya rage na Yaya yau? Littafin yana akwatina, fensirin gida na huɗu ya fara dushewa, na sa wata malama tana bi da biro. Akwai su Frederick da Albert da Conrad da suka ƙi zuwa kotu, suna nan cikin Sabon Gari suna neman abincinsu, wasu in sun gan ni sukan ce, "Mama, Baba ne ya sa mini suna." Bernard mai faci da aka kai masa ɗan littafin faston, cewa ya yi a karanta masa wajen beyar ɗin sau biyu, don ya daɗe ba a yabe shi ba. Wannan duk yana sanyaya mini rai kaɗan. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce ya isa ba, don jikar Yaya tana tasowa a gidan da aka hana kama sunansa.

Wata shida muka ɓoye wa Yaya Ladi. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta fita sai da jagora, muka haɗa baki da maƙwabta kada wanda ya gaya mata. Amma ranar cikar shekara ba ta taɓa fashin zuwa kabarin ba. Ranar Talatar da ta wuce ta tashi da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zumunta, ta aika a kira mata Ɗanlami ya kai ta. Ya zo, don duk abin da ya zama bai kai ga ƙin kiran uwarsa ba. Muka shiga tasi mu uku.

Ba ta iya karatu ba, amma shekara shida tana goge allon nan da tsumma, yatsunta sun san kowane rami na harafin. Ta durƙusa, ta fito da tsummanta, ta kai hannu. Na ga hannun ya tsaya. Ta shafa hagu, ta shafa dama, ta gangara ta taɓa ayar, ta dawo sama. Ta ce, "Rifkatu, kin kawo ni kabarin wani." Harold ne ya matso, kansa a ƙasa, ya fara bayani, wahayi, la'ana, jaririya. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

Ku da kuka tashi a gidajen Hausawa kun san matan zamaninsu. Tun ranar da aka kawo Yaya Ladi gidanmu tana 'yar shekara goma sha tara, ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Malam take cewa, ko Maigida. Ko a asibiti da ma'aikaciya ta tambaye ta sunan mara lafiya, juyowa ta yi ta dube ni in faɗa. Wannan matar ce ta dafa allon kabarin ta miƙe tsaye, ta juya inda take jin numfashin ɗanta, ta buɗe baki da ƙarfi har masu haƙa a can gefe suka ɗago.

"Alfred," ta ce. "Alfred. Sunan ubanka Alfred. Shekara talatin da takwas na riƙe sunan nan a bakina ban fitar ba, don girmansa. Ban san za a yi ranar da za a neme shi a rasa sai a wurina ba. To ga shi na faɗa. In aljanu ne, su zo su same ni, ni na kwana ɗaki ɗaya da shi."

Harold bai toshe kunne ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya tsaya yana kallon simintin. Ta miƙa mini hannu ta ce mu tafi.

Simintin na nan har yau da nake wannan rubutu. Na ce zan ɗauko wani birkilan ya fasa shi, Yaya Ladi ta ce kada in kuskura, wanda ya rufe shi ne zai buɗe, in kuma bai buɗe ba a bar shi ya gani duk ranar da ya zo binne ta. Amma tun daga ranar, duk wanda ya shigo gaishe ta ya ce Allah ya ba Malam hutawa, sai ta tare shi ta ce, "Alfred. Sunansa Alfred." Duk sanda ta faɗa sai na ga ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi, don har yanzu kunya take ji. Jiya sau biyar ta faɗa.